Jos: A Fara Tsare Duwatsu Da Rufi Kafin A Kafa Allon Gidan Tarihi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu sa baki a maganar mayar da tsofaffin gine-ginen Jos gidajen tarihi. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa sana'armu ke nan: zanen gine-gine, awon ƙasa, duba ƙarfin gini da kula da kayan tarihi. Muna goyon bayan shawarar. Tsoronmu shi ne a sayi akwatunan gilashi, a kira manya su yanke ƙyalle, alhali rufin ginin na yoyo, maƙwabci kuma ya riga ya karɓi izinin tayar da bene hawa takwas da zai tare dutsen da ke baya.

Abin da ke sa mutum ya san ya shigo Jos ba gini ɗaya ba ne. Garin na zaune a tudu kimanin mita 1,200 sama da teku, gine-ginensa na da gajeru ne, don haka duk inda ka tsaya dutse ne ke rufe maka ƙarshen titi. Duwatsun Shere da ke gabas sun haura mita 1,800, ga Dogon Dutse, ga Dutse Uku. A ƙarƙashinsu sai hasumiyar Babban Masallaci, hasumiyoyin coci-coci, jan kwanon tsofaffin kantuna, bututun hayaƙin gidajen Turawan kuza da suka gina murhu a falo saboda sanyi, da tulin ƙasar haƙa a Rayfield da Bukuru. Wannan fuska ita ce babbar kadarar tarihin garin, kuma ita ce ta fi saurin salwanta, domin babu wanda ke riƙe da takardar mallakarta. Gini idan ya tsage ana gyara shi. Dutse idan bene ya tare shi, an yi sallama da ganinsa har ƙarshen rayuwar benen.

Saboda haka aikin farko na masu awo ne. A zaɓi wurare goma zuwa sha biyu da jama'a ke tsayawa kullum, kamar Terminus, harabar gidan tarihi, Gada Biyu, mashigar gari ta hanyar Bauchi da ta hanyar Bukuru. A kowane wuri a kafa alamar siminti a ƙasa, a ɗauki lambobinta da na'urar GPS, a ɗauki hoto daga tsayin ido, mita 1.6, sau ɗaya da damina sau ɗaya da rani. Daga nan a ja layi daga ido zuwa abin da ake son a ci gaba da gani. Duk gini da zai tsaya a hanyar layin, tsayinsa ba zai taɓa layin ba.

Ga misali da lissafi, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A ce dutse na nisan kilomita 3, ƙololuwarsa ta ɗara ido da mita 150, ana kuma son a riƙa ganin rabinsa na sama. Layin zai nufi mita 75 ke nan, wato yana hawa mita 1 a kowace tafiyar mita 40. Ginin da ke nisan mita 200 daga mai kallo ba zai wuce mita 6.6 ba, wato hawan ƙasa da bene ɗaya a kansa ke nan, tunda kowane hawa na cin kimanin mita 3. Amma ginin da ke nisan kilomita 1 yana iya kaiwa mita 26, hawa takwas, bai tare komai ba. Wannan ne ya sa ba ma goyon bayan a yanke wa gari dukansa tsayi ɗaya. Doka irin wannan tana cutar mai fili a inda babu dalili, tana kuma sakin wanda ke daidai bakin layi. A auna tsayi har saman tankin ruwa, allon talla da ƙarfen kamfanin waya, domin a nan ake yawan yin wayo: zane ya nuna hawa uku, bayan an gama a ɗora tanki da rumfa. Kafin a sa hannu a kan izinin duk wani dogon gini a tsakiyar gari, a ɗaga balan-balan ko tuta a kan filin daidai tsayin da ake nema, a koma waɗancan alamomi a ɗauki hoto. Aikin yini ɗaya ne, kuma kowa zai gani da idonsa.

Ba sabon abu ba ne. Landan tana taƙaita tsayin gine-gine a kewayen cocin St Paul tun shekarun 1930 don a riƙa hango ƙubbarsa. Liverpool kuwa, wadda UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2004, an cire ta a 2021 saboda sababbin gine-gine a bakin ruwa, duk da cewa tsofaffin nata na nan tsaye.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ba da damar ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa, amma ayyanawa kaɗai ba ta hana katafila aiki. Ginin Ilojo Bar na Legas an ayyana shi tun 1956, aka rushe shi a Satumban 2016. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsara birane hurumin jihohi ne, layukan da muke magana a kai dole su shiga dokar Jihar Filato da teburin hukumar raya birnin Jos, JMDB, inda ake sa hannu a kan zanen gini. A kuma tuna da mai gida. Wanda aka hana shi hawa sama an taɓa masa dukiya. A yafe masa harajin fili, a taimaka masa da kwano, ko a ba shi damar sayar da hawan da aka hana shi ga mai gini a wata unguwa da ba ta cikin layi. In ba a yi haka ba, zai bar gidan babu gyara har damina ta kayar masa da shi, ya huta da doka.

Sai zaɓen gini. Ba kowane tsohon gida ne ya dace da gidan tarihi ba. Waɗanda suka fi dacewa su ne masu faɗi da dogon rufi da daɓen siminti: rumbunan kaya na tashar jirgin ƙasa, ma'aikatun gyaran injin kamfanonin kuza, manyan kantuna, tsohon gidan silima. Gidan zama mai ƙananan ɗakuna da matsattsen tsani gara a bar shi ofis, ɗakin karatu ko masauki, a kafa masa allo a ƙofa mai bayanin tarihinsa. Gini da mutane ke ciki kullum ya fi tsawon rai a kan wanda aka kulle ana jiran baƙi, domin wanda ke zaune a ciki shi ke fara ganin ɗigon ruwa.

Da an zaɓi gini, kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya, a auna shi a zana shi yadda yake, a ɗauki hoton kowane bango ciki da waje, a sa wa kowace ƙofa da taga lamba. Inda bango ya tsage, a manna siririn gilashi ko ɗan filasta a gicciye a kan tsagar, a rubuta kwanan wata, a bar shi ya ga damina ɗaya da rani ɗaya. In ya karye, ginin na motsi, cike tsagar ɓata kuɗi ne sai an gano abin da ke ƙarƙashi. Tsagar da ta wuce milimita 5 aikin injiniya ce. A Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi a ƙara da binciken ƙasa, saboda tsofaffin ramukan haƙa da aka cike sama-sama suna iya zama ƙarƙashin harsashi.

Akwai wani bincike da Jos ta fi sauran garuruwa buƙata. Dusar da ke saura bayan an tace kuza da kwalambait tana ɗauke da ma'adinan monazait da zakon, masu sinadarin toriyom da ke fitar da radiyeshan. An daɗe ana zubar da ita a harabar injinan tacewa, wasu ma sun kwashe ta a matsayin yashin gini. Duk rumbun kuza da za a shigar da ɗalibai ciki, a fara zagaya daɓensa da harabarsa da na'urar awon radiyeshan, a kuma ajiye ma'aunin iskar radon, wadda ita ma ke fitar da radiyeshan, a rufaffun ɗakuna na tsawon wata uku. Inda awo ya yi sama a kwashe ƙasar bisa shawarar hukumar kula da nukiliya ta ƙasa. Haka nan silin da rufin asbestos da ke gine-gine da yawa na wancan zamani: ba a fasa shi a bushe, ba a gurza shi. Ana jiƙa shi, a kwance shi ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri. Tsohon fentin mai kuma sau da yawa akwai dalma a ciki, kada a ƙona shi da wuta, kada a kankare shi a bushe.

Daga nan sai rufi, kuma a nan rabin kuɗin farko ya kamata ya tafi. Jos na samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, akasarinsa tsakanin Afrilu da Oktoba. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 200 yana karɓar lita 280,000 ke nan a shekara. In indararo ya toshe ko ya karye, wannan ruwa duk gindin bango yake sauka. A canza kwanon da ya huje da mai irin lanƙwasarsa da launinsa, a bar gangaren rufin yadda yake, kada a maye shi da dogon rufin almuniyam mai ƙyalli da ake yayi yanzu, domin shi kaɗai ya isa ya sauya fuskar titi. A duba ƙarshen katakon rufi inda ya shiga bango, nan ruɓa da gara ke farawa. A yanke wurin da ya lalace kawai a yi masa haɗi. A gyara ƙasar kewaye ta gangara waje aƙalla mita 1.5, a kai ruwan indararo kwata ko tanki, a toshe kafar jemagu da raga bayan sun fita da magariba.

Kuskuren da ya fi kashe tsofaffin gine-gine a ƙasar nan shi ne siminti. Bangon dutse ko jan bulo na wancan lokaci yakan zama an ɗaure shi da taɓo ko da farar ƙasar gini, wadda ake samu daga ƙona dutse. Irin wannan bango yana shan laima yana kuma fitar da ita. Idan aka shafe shi da filastar siminti aka bi da fentin roba, tamkar an sa wa mai zufa rigar leda ne: laimar ba ta da mafita, sai ta hau sama ta ciki, ta ɗauko gishirin ƙasa, bulo ya rududduge a bayan filasta, wata rana filastar ta faɗo gaba ɗaya. Alamarsa ita ce farin gishiri da kumburin fenti daga ƙasa zuwa kimanin mita 1. Maganin shi ne a ɓamɓare simintin da hannu, da kurfi da guduma, a bar bango ya sha iska na wasu watanni, a yaɓe da kwaɓin farar ƙasa mudu 1 da yashi mai tsabta mudu 3. Kowane shafi kada ya wuce kaurin santimita 1, a riƙa yayyafa masa ruwa ana rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Da hunturu irin na Jos, yaɓen da aka bari a iska yakan bushe kafin ya kama, ya zama gari. Tayil a daɓe ma haka yake yi, yana kora laimar ƙasa zuwa cikin bango.

Gidajen ƙasa masu zaure a tsofaffin unguwanni irin su Gangare nasu maganin daban ne, kuma ba sai an je nesa neman ilminsa ba. A harabar gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai sashen gine-ginen gargajiya da ake kira MOTNA, aikin Zbigniew Dmochowski mutumin Poland, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Mika'ilu. Wurin ya nuna abu biyu: ginin tubali da azara yana iya tsayawa a ruwan Jos, amma sai ana yi masa yaɓe a kai a kai kafin damina. A nemo maginan da suka san makuba da laso, wato haɗin katsi, gashin akuya da dafara, a haɗa su da matasa a biya su albashi. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta ɗaukar faɗin da ya kai mita 2 sai da dabarar tallafi ko lanƙwasasshen ginin da ake kira bakan gizo. Wanda ya cire ta ya zuba rufin kankare a kan bangon ƙasa ya ɗora masa nauyin da ba a gina shi don ya ɗauka ba.

Nauyi ma abin lissafi ne a benaye. Daɓen gidan zama ana tsara shi ya ɗauki kimanin kilo 150 a kowane murabba'in mita, na ofis 250, na zauren baje kolin kayan tarihi kuwa 400. Ajin ɗalibai sittin da suka taru gaban akwati ɗaya a benen katako sun isa su gwada wannan bambanci. Injina, duwatsu da ma'ajiyar takardu su zauna a ƙasa. A bar sama ga hotuna da kaya marasa nauyi, a ƙayyade yawan masu hawa lokaci guda. Ƙofar shiga kada ta gaza santimita 90, gangaren keken guragu kuma tashin mita 1 a tafiyar mita 12, a yi shi da ƙarfe ko katako yadda za a iya cire shi ba tare da an fasa matakala ta asali ba. Banɗaki, ɗakin janareta da wurin sayar da abinci a gina su a baya, gajeru, kada su leƙo sama da tsohon rufi.

Jos ta san gobara, babbar kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002 ta ishe mu shaida. Gidan tarihin ƙasar Burazil da ya ƙone a Satumban 2018 bincike ya nuna daga wayar na'urar sanyaya ɗaki wutar ta tashi. A cire tsohon wayarin gaba ɗaya, a ja sabo cikin bututun ƙarfe a saman bango maimakon a sassaƙe bangon, kowace na'ura mai jan wuta da nata layi. A sa ƙararrawar hayaƙi har cikin silin, mafita biyu a kowane zaure. Tukunyar kashe wuta mai hoda tana ɓata kaya, ta iskar kabon ta fi dacewa da wuraren lantarki. Batiran sola da man janareta su kwana a wani gini dabam.

Game da iskar ciki, shawararmu za ta ba wasu mamaki: a yawancin zauruka kada a sa na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ke lalata fata, katako da takarda shi ne hawa da saukar danshi, ba zafi kaɗai ba. Ana son danshin iska ya zauna tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, kada ya yi tsallen da ya wuce 10 a yini. In ya daɗe sama da 65 funfuna ta fito, in ya faɗi ƙasa sosai da hunturu ƙwarya da ganga su tsage. Na'urar da ke aiki awa huɗu a ɗauke wuta tana jawo wannan tsalle sau da yawa a rana. Kaurin bango, dogon silin da baranda sun riga sun yi rabin aikin, sanyin Jos ya ƙara taimakawa. Abin da ya rage a yi shi cikin akwati: a rufe shi ruf, a sa ƙwayoyin silika masu shan danshi a aljihun ƙasa, a ajiye ƙaramin ma'auni ana rubuta abin da ya nuna safe da yamma. A fara wannan rubutu shekara guda kafin a shigo da kaya, don a san ɗakin da ya dace da takarda da wanda sai ƙarfe da dutse. Haske a kan takarda, tufafi da hotuna kada ya wuce lukus 50 a ma'aunin haske, a kan katako da fentin mai 200, rana kuma kada ta taɓa su kai tsaye. Duk kayan fata, tufa ko katako da aka kawo, a keɓe shi tukuna. In akwai ƙwaro a naɗe shi a leda a sa a firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifiri na aƙalla mako guda ba tare da wuta ta yanke ba, a bar shi ya huce cikin ledarsa kafin a buɗe.

Me za a nuna? Labarin kuza kaɗai ya isa cika rumbuna da yawa, muddin ba a taƙaita shi ga hotunan manajoji ba. Akwai maƙeran Liruwai da ke narka kuza tun kafin zuwan Turawa. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya zuwa Bukuru da aka rufe a 1957, da reshen Kafanchan da ya iso Jos a 1927, da wutar lantarkin kamfanin NESCO daga Kurra. Akwai aikin tilas na 1942 zuwa 1944, lokacin da Ingila ta rasa kuzar Malaya aka kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa, da yawa suka mutu saboda sanyi, yunwa da cuta. Akwai gonakin Berom da haƙa ta cinye, da kududdufan da ta bari, da faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a 1985. Hatta sunan cocin St Piran ya zo ne daga waliyyin masu haƙar kuza na yankin Cornwall a Ingila, inda mahaƙar Geevor da aka rufe a 1990 ta zama gidan tarihi da injinanta a inda suke. A garin da ya sha rikici, rubutun da za a manna a bango sai an zauna da dattawan Berom, Afizere, Anaguta, Hausawa, Fulani, Ibo, Yarbawa da sauran waɗanda kakanninsu suka riƙe kwanon wanke kuza, a rubuta shi da Hausa da Turanci.

Kuɗin tikiti ba zai riƙe gini ba, kada a yaudari kai. A ware shagunan gefe ko wani sashe a ba da haya, kuɗin ya shiga asusun da ba a taɓa shi sai don gyara, a rubuta hakan cikin yarjejeniya tun farko. A kuma rataya jadawalin aiki a ofishin mai kula: share indararo a watan Maris da kuma Agusta, hawa cikin silin da tocila bayan ruwan farko mai ƙarfi, neman hanyar gara a gindin bango kowane wata, gwada ƙararrawar hayaƙi kowane mako.

Roƙonmu ga Majalisar Dokokin Jihar Filato, JMDB da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa shi ne a tura ɗaliban zanen gini da na tsara birane na Jami'ar Jos su bi titin Ahmadu Bello, titin Murtala Mohammed, Tudun Wada, Anglo-Jos da Bukuru gida-gida da fom mai shafi ɗaya: hoto, mai gida, kayan gini, halin rufi. A dakatar da izinin rushe duk ginin da ya shiga jerin har sai an tantance shi, waɗanda rufinsu ya yaye kuma a lulluɓe su da kwano ko tampol kafin ruwan Afrilu.

Wassalam.

Daga wasu masu zanen gine-gine, masu awo, injiniyoyi da ma'aikatan adana kayan tarihi,
Jos, Jihar Filato.